Gwaggonmu Mai Bagaruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta riga mu gidan gaskiya, kuma ba tsufa ne ya kwantar da ita ba. Duka ne ya kashe ta. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya ce mini ai lokaci ne ya yi. Na san lokaci ne, ni ma Musulma ce, amma da gindin bindiga aka karya mata haƙarƙari, ban ga dalilin da zai sa in lulluɓe maganar ba.

Ranar da aka kai ta, gidanmu na Jibiya ya cika da mata har zaure, kusan kowace da goyo a baya. Ga na cikin gari, ga na Magama da Riko, ga waɗanda suka tsallako daga wajen Maraɗi a kan babur, sun sha tambaya a hannun 'yan duwan, wato kwastan na iyaka, kafin a bar su su wuce. Abin da na lura, duk cikinsu ba wadda ta ce Gwaggo mai haƙuri ce, alhali in an yi mutuwa kowane mamaci mai haƙuri ne a bakin 'yan gaisuwa. Wata da ke kusa da ni ta share hawaye ta ce, "Wallahi ta taɓa marina, ina jego, gaban uwar mijina." Ta gefenta ta ce, "Ke mari kaɗai kinka samu? Ni da muciya ta biyo ni har ɗaka." Suka tuntsire da dariya, kafin ka ce me dariyar ta koma kuka, har sai da aka fita da ɗaya waje.

A ƙofar gida kuwa akwai wani dattijo, direban babbar mota mutumin Maraɗi, da ya ƙi shiga cikin maza, ya zauna a kan dakali yana ta goge ido da hularsa. Shi ne mai kawo mata man kaɗe in ya dawo daga kudu. Ya ce mini, "Ɗiyata, tun ina yaron mota nike kawo mata man nan, ba ta taɓa ce man sannu ba. Sai ta shinshina ta ce na bari an cuce ni, an sa man gyaɗa." Ya ƙara da cewa, "Kuma in ta hwaɗa, gaskiya ta."

Gwaggo ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibiya. Aikinta nono ne, shi kaɗai, kuma ba ta jira a kira ta. Da ta ji ciki ya tsufa a wani gida, sai a ga ta faɗo da hantsi da ƙullinta a hammata, ko gaisuwar kirki babu. "Ina mai cikin? Ke, buɗe in gani." Kunya ba ta cikin lissafinta. Za ta ba ki man kaɗe ki dinga shafa wa kan nonon safe da yamma tun kafin ki haihu, ta hana ki dirza shi da sabulu, in ta ga kin ɗaure ƙirji tamau da rigar mama ta ce ki cire ko ta cire miki. Bayan haihuwa ta ce duk kika gama shayarwa ki matso ɗigo ɗaya ki shafe kan, ki bar shi ya sha iska kafin ki rufe. In duk da haka ya tsage, sai ta dafa bagaruwa, ruwan ya huce, a wanke ciwon da shi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta kafin a ba yaro. In kuma ta ga ya kumbura ya yi ja, jiki da zazzaɓi, ba ta wasa. "Wanga ya hi ƙarhina, tashi mu tahi asibiti." Ta tasa ki gaba tana zaginki har ƙofar likita.

Amma kullum cewa take magani rabin aiki ne, sauran rabin yadda yaro ya kama. Ba abin da ke tayar mata da hankali kamar ta ga jariri ya rataye a kan tsinin nono yana ja. "Rowa kike mashi? Cusa mashi baƙin duka!" Ta dafe ƙeyar yaron da hannu ɗaya, ta danna. In za a cire shi kuma, a sa ɗan ƙaramin yatsa a gefen bakinsa ya saki da kansa. Wadda ta fizge a gabanta, to ranar za ta ji sunan kakanninta.

Ni ma na sha nawa. A haihuwata ta fari nonona ya tsage, kunyar ɗan fari ta hana ni faɗa. Ta shigo ina shayarwa, na saki fuska ina murmushi kamar ba komai. Ashe ita ba fuska take kallo ba, ƙafa take kallo. Ta ga na dunƙule yatsun ƙafata lokacin da yaron ya kama, ai kuwa sai jin saukar tafi na yi a cinya. "Maƙaryaciya! Da wa kike wasa?" Na fashe da kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta zauna ta ɗora ƙafafuna a kan cinyarta tana matsawa, har yaron ya ƙoshi. Da za ta tafi ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini tsokar nama da aka ba ta a wani gidan suna, ta ce in na gaya wa kowa sai ta karya ni.

Bagaruwarta ma da rigimarta. Ba ta taɓa sayen ta kasuwa ba. Ta ce buhunan a mota ɗaya ake loda su da jarkokin fetur masu tsallaka iyaka, kuma a ƙasa ake shanya su, awaki suna bi ta kai. Wannan ta majema ce masu jeme fata, ba ta jikin mace ba. Da kanta take zuwa bakin gulbi ta wajen Magama da doguwar ƙugiyarta, ta kaɗo daga kan itace ta tare a zane, ba ta bari ta taɓa ƙasa. Da daji ya lalace, 'yan bindiga suka hana mutane sakat, masu itace da masu ciyawa duk suka daina zuwa can. Ita ma ta rage, tana lallaɓa ɗan abin da ta tara.

To, sai maganar autarmu, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Da ita da mijinta suna gona a bayan Magama da damina, tare da babban ɗan Baffa, ƙanen mahaifinmu, da ya je taya su noma. Rana tsaka 'yan bindigar suka fito a kan babura. Mijinta suka harbe a tsakiyar kunya, fartanya na hannunsa. Ɗan Baffa ya ruga, suka bi shi da babur suka kayar, suka yanka shi kamar akuya. Ita suka ɗora ta a tsakiya suka shige daji. Damina ta wuce, wata daminar ta zagayo, har mun fara yi mata addu'ar da ake yi wa matattu, sai ga ta an tsinto a bakin hanya. Ƙafafunta duk ƙaya, bayanta duk tabon bulala, ga ciki ya tsufa. Ba wanda ya yi lissafi da baki, amma kowa ya yi a zuciya. Dangin mijinta ko leƙowa ba su yi ba.

Auta ta dawo ba ta magana. In an ba ta abinci ta ci, in an ce tashi ta tashi. Gwaggo ta zo da ƙullinta kamar yadda ta saba ta ce, "Buɗe in gani," ta kai hannu. Yarinyar nan ta kurma wani ihu da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi, ta maƙure a lungu ta ƙanƙame ƙirjinta. A ranar na fara ganin Gwaggo ta ja da baya. Ta tsaya da man a hannu, sannan ta mayar da shi cikin ƙullinta ta fita. Haka aka haihu ba a shafa komai ba.

Namiji ta haifa. Tana ba shi nono, amma fuskarta na kallon bango, ta riƙe shi nesa da jiki, yaro ya rataye a kan tsinin yana ja, in ta gaji ta fizge. Kafin a yi nisa duka biyun sun tsage, jini na fita. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo barka, ko in ce ta shigo gani, ta hango jan abu a gefen bakin jaririn. Ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Jini yake sha tun yanzu? Ai ga shi nan, gado na." Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, wai ɗan daji ya ƙi nono sai jini.

Baffa shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, cikin taushin murya, "Tunda nonon ya ƙi, a bar yarinya ta huta. Kar wanda ya matsa mata." In baƙo ne ya ji sai ya ce kai, ga mai tausayi. Mu kuwa mun san abin da ake nufi: a ƙyale yunwa ta yi aikin, in an wayi gari a ce Allah ya karɓi abinsa. Ranar suna ta zo ta wuce, ba rago, ba liman, ba wanzami. Maɗigar yaron ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Gwaggo ce ke lallaɓa Auta ta tatsi ɗan abin da ya samu da hannunta a kofi, ita kuma ta ɗura wa yaron da cokali. Da wannan yake numfashi, ga nonon kullum raguwa yake.

Ran nan Baffa ya shigo ya same ta tana ɗurawa. Ya ce, "Yaya, na ce a bari." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sa ƙafa ya shure kofin, nonon ya zube a ƙasa. Wayyo, Baffa! Gwaggo ta miƙo mini yaron, ta miƙe, ta rarumi ƙwaryar da ke kusa ta rafka masa a ka, ƙwaryar ta dare biyu, hularsa ta yi gefe.

Ya yi kanta yana huci, "Ubanshi ya yanka man ɗa! Ni na ɗauko gawar, kai na lilo!"

"Shi na ya yanka?" Ta nuna yaron. "Dubi hannun, ko ƙuda bai iya kora."

"Jini yake sha, kowa ya gani!"

"Jinin uwarshi na, don nono ya tsage, jahilin banza! Kai ma ka sha na Inna, ni na gani da idona, wa ka yanka?"

Ya hankaɗe ta, ta bugu da bango, ta dawo ta caƙumi wuyan rigarsa. Tsohuwa ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma sai da ya sunkuyo. "In kashe shi za ka yi, ɗauko wuƙa ka yanka gabanmu mu shaida, gobe ƙiyama ka amsa. Amma ba ka laɓewa bayan nonon yarinya. Kana wasan ƙasa sanda na binne nawa, don nonona ya tsage ba wanda ya san abin yi. Ba ni binne wani." Ban taɓa sanin Gwaggo ta haihu ba sai ranar. Baffa ya ɓamɓare hannunta, ya ɗauki hularsa ya fita. Ina tausayin Baffa, wallahi ina tausayinsa, na ga gawar ɗansa. Amma a ranar da ina da ƙarfi da na ƙara masa.

Gwaggo ta ce in aka warkar da nonon, ba mai sauran abin fakewa. Sai dai bagaruwarta ta ƙare ƙaf. Washegari da safe na ga ta ɗauko ƙugiya. Na tare ƙofa na ce, "Gwaggo, don Allah don Annabi, bari in sayo ta kasuwa mu wanke ta sosai."

"Fetur kan ciwo buɗe? Ke ma haukan ya kama ki?"

"Mutanen nan suna nan bakin gulbi, jiya ma an gansu."

"Mi za su yi da ni? Su aure ni? Kauce."

Na ƙi kaucewa, ta maka mini sandar ƙugiyar a gwiwa. Ina dafe da gwiwa ta wuce, tana mita.

Bayan azahar wani manomi ya kawo ta a kan amalanke. Fuskarta ta kumbura ba a gane ta, leɓe ya fashe, in ta ja numfashi sai ka ji wani abu na ƙara a ƙirjinta. Ta riƙe ƙugunta da hannu biyu, muka zaci nan ne ciwon, ashe bagaruwar ce ta ƙulle a cikin zane, shi ya sa ta ƙi saki. Ta ce ta gama kaɗowa ke nan suka fito, yara ne ma, duk ta yi jika da su. Suka ce sojoji suka aiko ta leƙen asiri. Na ce, "Gwaggo, ba ki roƙe su ba?" Ta harare ni da idon da ya rage a buɗe. "Na ce masu ɗanku nike ma magani, 'yan banza, marasa albarka." Daga nan suka sa gindin bindiga, da ta faɗi suka bi da ƙafa. Haba Gwaggo, haba! Ko sau ɗaya a rayuwarki ki yi shiru mana.

A asibitin gari suka ɗaɗɗaure ta, suka ce jini na zuba ta ciki, sai an kai ta Katsina. Ta ce ba inda za ta sai ta biya gida. Aka shimfiɗe ta a tabarma a ɗakin Auta, daga kwancen take ba ni umarnin yadda zan dafa bagaruwar: kar in cika ruwa, in rufe tukunyar, in bari ya huce har in iya sa gwiwar hannu. Da na kawo, ta ce Auta ta matso. Duk muka zaci faɗa za ta yi. Sai muka ji wata murya da ba mu san tana da ita ba.

"Auta, ba ni cewa ki so shi. So na Allah na, in ya ba ki ya ba ki. Abin da anka yi maki, ba ni da bakin hwaɗi. Ki dai bari yayarki ta wanke maki, ki buɗe mashi baki da kyau. Shi ke nan roƙona."

Auta ta daɗe tana kallon fuskar nan da ta kumbura. Sannan ta sassauta zanenta da kanta. Na wanke mata, tana cije leɓe. Washegari a hanyar Katsina Gwaggo ta cika, kanta na kan cinyata.

Muna zaman makoki ina wanke wa Auta safe da yamma, ciwon nono ɗaya ya fara kamewa. Amma har lokacin da cokali yaron ke sha, uwar ba ta yarda ta sa shi a ƙirji ba, ni kuma ba Gwaggo ba ce da zan tilasta. Tsoro ya cika ni, don na san mai tsare masa ta tafi.

Ranar sadakar uku, tsakar gida cike da mata, maƙwabciyar nan ta sake buɗe baki, da ƙarfi don kowa ya ji: "Bai yi wata ba ya ci tsohuwa. Allah kaɗai ya san na gaba." Ashe Baffa na zaure yana ji. Sai ga shi ya ratso mata ba sallama, idonsa jawur. Ya shiga ɗakin ya suri yaron daga kan tabarma da hannu ɗaya, kan na reto, ya nufi ƙofa inda babur ɗinsa yake. "Bakin gulbi za ni aje masu abinsu. Ya ishe ni haka nan!" Na riƙo rigarsa, ya mangare ni na faɗi kan turmi. Mata suka dare, ana salati, ba wadda ta tare shi.

Ban ga fitowar Auta ba. Na dai ga ta dira a bayansa ta kafa haƙora a damtsensa, ta ƙi saki har jini ya ɓullo ta hannun rigar. Ya yi ƙara, ya kai mata gwiwar hannu a baki, duk da haka ta ƙwace yaron ta rungume. Baffa ya ɗaga hannu zai sake kai mata. Ta dube shi ido cikin ido, yarinyar da ba mu ji maganarta ba tun da aka tsinto ta.

"Baffa, ɗana na."

Hannun ya tsaya a sama. Ta zauna a nan bakin zaure, a gaban 'yan gaisuwa da kowa, ta ciro nonon da ciwonsa ya fara kamewa, ta tallafo ƙeyar yaron ta cusa masa baƙin duka. Ya yi ta lalube, ya saki, ta sake cusawa, sai ya kama. Gidan ya yi tsit har muna jin haɗiyarsa. Baffa ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun da ke jini yana kuka yana kiran ɗansa. Auta ba ta dube shi ba, yaron take kallo. Ta ce, "Yaya, ɗora tukunyar, gudan bai gama warkewa ba. Kuma a kira liman, ba shi da suna."

Na tashi na hura wuta, ina kuka ina fifita.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata marin da ta yi mana da zagin da ta sha yi wa mazajenmu, ya sanyaya mata makwanci. Mu dai mun yafe, duk wadda ta ce ba ta yafe ba ta zo ta same ni. Waɗanda suka tattake tsohuwa a bakin gulbi kuwa, ni ban yafe ba, na bar su da Allah. Yaron yana nan, har ya fara rarrafe.